An Buga Ƙofa Ba Sallama

Ranar Juma'ar da aka buɗe gasar Olamfik a 2008, ina 'yar shekara tara, muna kulle a ɗakinmu na haya a Guangzhou. Bizar Baba ta ƙare, masu duba takardu kuma suna bin baƙi gida-gida. Ban taɓa shiga aji ba. Aikina yanke ragowar zare a jikin wandunan jins da Baba ke sarowa daga Xintang, in ninke, in jera a buhu. Idan na gaji in yi carafke da maɓallai. Doka ɗaya Baba ya kafa mana: "Wanda ya buga ƙofa bai yi sallama ba, ba namu ba ne. Kada ku buɗe."

Ran nan Baba ya fita kasuwar Baima. Maƙwabciyarmu Hajiya Rabi, mutuniyar Maraɗi, ta shigo da faifan wani tsohon fim na Amurka, marar launi, an juya shi zuwa Sinanci. Ba mai jin ko kalma. Wata mata ce ita kaɗai a gida, wani mutum yana kewaya ta. Inna da Hajiya suka manta da nasu tsoron, suka shiga yi mata faɗa.

"Ke sakarya, kar ki buɗe!" in ji Hajiya. "Matan Turawa dai ba sa jin magana."

Inna ta yi dariya, rabonta da dariya an kwana biyu. Sai aka buga ƙofarmu a hankali, ba sallama. Inna ta kashe sautin. Aka sake bugawa. Muka zuba wa ƙofa ido, matar fim tana ta buɗe baki ba murya. Can muka ji takalma a matakala, da maganar Sinanci, sai shiru.

Ashe Baba ne ya buga. Masu duba takardun suna ƙasan benen, ya ji tsoron su ji muryarsa idan ya yi sallama. A bakin ƙofarmu suka kama shi. Ya daɗe a tsare, har muka riga shi isa Kano. Ya dawo da tari, bai ga azumi na biyu ba. Bai taɓa tayar da maganar ƙofar ba, mu ma haka.

Bara na ga fim ɗin a wayar ƙanin mijina, da fassarar Hausa. Ya ce wai duniya ta yarda babu fim mai tsayar da numfashi kamarsa. Na kalla har ƙarshe. Matar ta tsira. Ban ji komai ba.

Yanzu ko sakata ba na sawa da rana. Wanda ya buga, buɗewa nake yi, sannan in tambaya ko waye.