Farfaɗiyar Sakina da Kofin da Aka Ware Mata

Na san kun daɗe ba ku ji ɗuriyata ba. Masu turo saƙo kan ɗinki, ku yafe ni. Jinyar 'yata Sakina nake yi, kuma sai yanzu bakina ya iya furta sunan ciwon a gaban mutane: farfaɗiya.

Shekararta goma sha huɗu. Da farko ana cikin yi mata magana sai ta ƙura wa bango ido, ta yi shiru, sannan ta dawo. Muka ce gajiya ce.

Sai ranar da ta faɗi a taron safe na makarantarsu. Wani ya cusa mata cokali a baki, haƙorinta na gaba ya karye. Da na iso daga shagona na Gada Biyu, na tarar da ita kwance a ƙasa, jama'a sun tsaya daga nesa suna kallo. Ba wanda ya ko goge mata baki.

Aka shiga zaryar asibiti. Layin kati cikin sanyin safiya, ɗibar jini, sannan gwajin da ake manna wa mutum wayoyi a kai. Sai da na sayar da keken ɗinkina ɗaya.

Likita ya ce, "Hajiya, ba aljanu ba ne, kuma ba a ɗaukarsa. Magani ne kullum, ba fashi."

Maganin ya karɓe ta, faɗuwar ta ragu. Amma yana sa ta barci, hannunta ya yi nauyi. Kafin ta kwafi rabin allo an goge.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da ya biyo baya. Aka mayar da ita bencin ƙarshe ita kaɗai. Aka ware mata kofi, aka shafa masa jan fenti don kada wani ya yi kuskure. Yaran da suka saba haɗa abinci su ci tare lokacin tara suka daina kiranta. Kullum kular abincinta yadda na zuba haka take dawowa.

Na kai wa shugaban makarantar takardar likita. Ya karanta, ya miƙo min.

"Madam, mu ba mu kore ta ba. Amma iyaye suna ta komplen. In yawunta ya taɓa yaron wani, wa zai amsa?"

Na koma, na sake komawa, har maigadi ya fara ce min oga ba ya nan tun ban buɗe baki ba. Haushi kamar ya kashe ni.

Sakina ta daina magana a gida. Ta daina fita ko ƙofa. Rannan ta sake faɗuwa a banɗaki, ashe ta kwana biyu tana zubar da maganin. Da na tambaye ta dalili, ta ce, "Mama, ko na warke, wa zai zauna kusa da ni?"

Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Babanta ya ce a cire ta kawai, ta zauna tare da ni a shago. Na ce ya ba ni dama ta ƙarshe.

Na haƙura da ofishin shugaban, na nemi malamar ajinsu, Madam Nanret. Na shirya maganganu da yawa, amma kuka kawai na yi a gabanta. Ta riƙe hannuna ta ce, "Maman Sakina, ba zan yi miki ƙarya ba, ni ma ina tsoro. A ƙauyenmu haka an gaya mana tun muna yara, wai ana ɗauka."

Na ce to ta biyo mu asibiti ta ji da kunnenta. Ta zo. Ta yi wa likita tambayoyi har ya gaji.

Da Sakina ta yarda ta koma, lokacin tara Madam Nanret ta sa ta sha ruwa a jan kofin nan. Sannan ta karɓa, ta shanye ragowar a gaban aji. Ta ce, "Daga yau kofin nan na ni da Sakina ne." Har yanzu a ciki take shan shayinta.

Ta dawo da ita bencin gaba. Ta koya wa yaran abin da za su yi in ta faɗi. Ta matsa har aka ƙara mata lokaci a jarrabawa. Wasu iyayen har yau suna gunaguni, ba zan ɓoye muku ba.

Yanzu watanni ke nan ba ta faɗi ba, kuma da kanta take shan maganinta. Alhamdu lillahi. Madam Nanret, da likitanmu, da ku da kuka yi ta addu'a ba ku san me ake ciki ba, Allah ya saka da alheri.

Roƙona gare ku: in mutum ya faɗi, kada ku sa masa komai a baki. Ku kawar da abin da zai ji masa ciwo, ku kwantar da shi a gefensa, ku zauna da shi. Kada a yanke magani sai da izinin likita. In ofis ya rufe muku ƙofa, ku nemi malamin da ke tare da yaron kullum.

Jiya Sakina ta dawo tana ɓata rai, ta dire kular a gabana. Na buɗe, babu ko ƙwayar shinkafa.

Ta ce, "Mama, gobe ki ƙara da yawa. Rifkatu da Zainab sun cinye min, ni ban ƙoshi ba."