Mai Gyaran da Ke Ɓoye Maus a Aljihu

Kafin sauran shagunan layin su buɗe, shi ya riga ya share nasa. Shagon ba faɗi: teburi ɗaya, kujera biyu, da kanta cike da kwamfutocin da masu su suka haƙura da su. Yakan shimfiɗa farin tsumma a kan teburin, ya jera sukundireba, ya ajiye murfin gwangwanin da yake zuba notuna a ciki. Sai ya goge tabarau ya zauna. 'Yan layin suna ce masa Baba Tsaya-Tukuna, domin ba ka gama faɗin abin da ya kawo ka sai ka ji kalmar nan daga bakinsa. Ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Ido ya gaji, ƙananan rubutun jikin na'ura sun fara yi masa gizo.

Ba mai fara'a ba ne. Bai iya lallashin mai kaya ba, bai iya tallar kansa ba. Masu gaggawa da yawa sun ɗauke kayansu sun tafi wajen samarin da ke gyara a tsaye. Wasu sun dawo kansu a ƙasa. Bai taɓa tuna musu ba.

Telan da ke maƙwabtaka da shi ya ga abubuwa da dama, amma wanda ya fi ba da labarinsa shi ne na mai hoto.

Mai hoton yana da shago a ƙarshen layin. Wuta ta zo da ƙarfi ta kashe tsohuwar kwamfutarsa. Ya sayi wata, ya ciro had-disk ɗin tsohuwar, wato faifan da komai ke ajiye a ciki, ya cusa shi cikin sabuwar a matsayin na biyu. Da ya kunna, fuskar kwamfutar baƙa. A cikin faifan nan akwai hotunan auren ƙanwar matarsa. Surukinsa dattijo ne da bai taɓa yarda a ɗauke shi hoto ba duk rayuwarsa. Ranar auren, amarya ta roƙe shi har ya tsaya kusa da ita sau ɗaya, fuska a murtuke. Ba a daɗe ba Allah Ya yi masa rasuwa. Ba a wanke hoton ba, ba a kwafe shi ko'ina ba. Da farko amaryar takan kira ta tsokane shi, wai ko Yaya ya sayar da hotunan ya ci kuɗin ne. Bayan rasuwar ta daina tsokana. Sai ta gaishe shi kawai ta ajiye waya, wannan kuma ya fi masa zafi.

Mai hoton ya shigo shagon Baba rungume da kwamfutar yana zuba bayani. Baba ya ce ya tsaya tukuna. Bai taɓa sukundireba ba sai da ya tambayi abin da ke cikin faifan, da ko akwai shi a wani wuri. Da ya ji babu, ya haɗa wayoyi, ya zare maus, ɗan abin nan da ake dannawa da hannu, ya jefa a aljihun rigarsa.

Haka yake yi duk lokacin da zai saka faifai na biyu mai ɗauke da kayan mutane. Mai hoton ya ɗauka raini ne. Tela ya leƙo yana dariya, ya ce masa ya gode Allah ba hannunsa aka sa a aljihun ba.

Baba ya buɗe murfi, ya taɓa ƙarfen jikin kwamfutar kafin ya sa hannu ciki. Ya kunna, ya kara kunne. Faifai ɗaya ne ke juyawa. Mai hoton ya jona wayar da ke kai bayanai, ya manta da ta wuta, kuma garin cusawa ya sassauta wayar faifan farko. Baba ya gyara duka biyun. Aka sake kunnawa, kwamfutar ta nemi tashi daga tsohon faifan, ta maƙale. Ya shiga shafin saitin da ke fitowa kafin ta gama tashi, ya nuna mata wanda za ta fara bi. Duk da madannai yake yi, a hankali, hancinsa kusan a jikin gilashi. Ta tashi. Mai hoton ya sauke ajiyar zuciya.

Sai wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar fuskar, yana tambaya ko a yi wa tsohon faifan fomatin, wato a goge shi tas, kafin a yi amfani da shi. Hannun mai hoton ya tafi teburi da kansa, yana laluben maus. Duk mai aiki da kwamfuta ya san wannan hannun: akwati ya fito, a danna masa eh ya tafi, ba a karantawa. Ya lalubo tsumma kawai.

"Me kake nema, ɗana?"

"Baba, in danna ne mu wuce."

"Ka danna, ka shafe surukinka."

Mai hoton ya janye hannun ya matse shi a cinya.

Baba ya ƙi amsa wa akwatin. Ya bayyana cewa wutar da ta kashe tsohuwar kwamfutar ta rikita jerin da faifan ke gane kayansa da shi, amma kayan suna nan, muddin ba a rubuta komai a kansu ba. Ya canza waya ko ita ce, ba ita ba ce. Ya sa manhajar da ke tono abin da ya ɓace, ya ce ta riƙa kwashewa zuwa sabon faifan. Aikin ya ja. Wasu suka zo da nasu gyaran, ya ce su dawo gobe. Ko abinci bai tashi ya ci ba, yana zaune da tafin hannu a jikin kwamfutar yana jin zafinta.

Hotuna suka fara fitowa ba suna, ba tsari. Wasu sun yage rabi. Mai hoton yana bi ɗaya bayan ɗaya har ya tsaya. Ga dattijon, ga 'yarsa, ga murtukewar nan tasa. Baba ya matso da tabarau ya duba, ya ce shi dai ba ya gani sosai, shi ne? Mai hoton ya gyaɗa kai. Baba bai bar shi ya fita ba sai da aka kwafe hoton a wuri biyu.

Baba, kai ne mai tambayar abin da ke ciki kafin ka taɓa abin da ke waje. Kai ne ka san cewa abin da ake kawo maka ba ƙarfe ba ne kawai. Mai kunnen jin faifai, mai hannu marar rawa. Mun yi maka gunaguni kan jinkiri, ka ji, ba ka sauya ba. Mun gode. Allah Ya ƙara lafiya, Ya haskaka idon nan.

Ku da za ku gaji layin nan, ku je ku zauna kusa da shi kafin wata ya ƙare. Ku koyi karanta akwati kafin ku amsa masa.

Hoton yanzu yana rataye a ɗakin surukar mai hoto. Kullum da safe takan goge gilashinsa da gefen mayafi. Ba ta san fuskar Baba ba, ba ta san inda shagonsa yake ba. In ta idar da salla, "mai gyaran nan" kawai take cewa, ta sa shi a addu'a.