Makullin Ɗakin Shayarwa

Shekara ashirin da biyu ta yi a masana'antar ɗinki, kuma ba wanda zai rantse ya taɓa ganin ta ɗinka maɓalli ɗaya daidai. Da yankan zare ta fara. Aka mai da ita wajen guga, ta yi ta ƙona riguna. Da aka rasa yadda za a yi da ita, sai aka rataya mata makullai a ƙugu. Tun daga ranar ta zama Mai Makulli, har tafiyarta ta sauya.

Da aka buɗe ɗakin shayarwa saboda ma'aikata masu goyo, ita aka damƙa wa. Akwai kujera mai laushi a ciki, da fanka, da ƙaramin firji. Ko ledar kujerar ba ta cire ba, firjin kuwa ruwan shanta ya samu gida. Duk wadda ta zo neman makulli sai ta sha labarin yadda ita ta shayar da 'ya'ya shida a tsaye, ba ta mutu ba.

Akwai wata mai ɗinkin kwalar riga, haihuwar fari, wadda surukarta ke kawo mata jaririn da rana. Yaron ba ya kama nono cikin ƙarar kekuna, sai wuri ya yi shiru. Ranar farko Mai Makulli ta ce an goge ƙasa, ba ta bushe ba. Washegari ta ce baƙi na tafe duba ɗakin, ba za a bar mata warin tumbuɗi ba. Mako uku baƙin nan suna tafe. Surukar ta gaji da jigila, ta sayo madarar gwangwani, ta yi zamanta a gida da yaron.

Da baƙin suka iso, suka yaba tsabtar ɗakin, suka ce suna son ganin uwa tana shayarwa a ciki. Nan take Mai Makulli ta aika a ɗauko yaron, ta taka da ƙafarta har gaban keken mai kwala, bakinta cike da "'yata, 'yata".

Mai kwala ta zauna a bakin kujerar. Aka miƙa mata yaron, ta ba shi nono, ya kau da kai. Ta sake gwadawa, ya tsandara kuka.

"Inna, ai nonon ya kafe," ta ce wa Mai Makulli a hankali. "Tun wancan makon."

Mai Makulli ta dubi baƙin, ta girgiza kai, ta ce to su dai sun gani da idonsu: matan yanzu an yi musu komai, amma shayarwar ma ƙyuya suke yi.