Kawu Ɗanladi da Bashin Council

Duk wanda ya zauna a Edmonton ya san Litinin ɗin Kawu Ɗanladi, yayan mahaifiyata. Ranar biyan haya ce. Babbar riga yake zubawa, ya kafa hula, ya fesa turare kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Na sha ce masa, "Kawu, a yi maka direct debit mana, banki ya riƙa cire kuɗin da kansa, ka huta da hawa bus."

"Kuɗina su fita daga aljihuna ba sallama? Allah ya kiyaye! Mai gida fuskar ɗan haya yake son gani."

To, gidan na council ne, wato ƙaramar hukuma, ina council ta ga fuska? Sai Kawu ya naɗa wata matashiyar ma'aikaciyar ofishinsu, Denise, ta zama mai gidansa. Da babbar Sallah ya kai mata cinyar rago guda a leda. Ta ce doka ta hana su karɓar kyauta, kuma ita ko nama ba ta ci. Ya dawo jiki a sanyaye, ya ce, "Bashir, yarinyar nan ba ta da lafiya. A sa ta a addu'a."

Shekarar da aka yi masa aikin gwiwa ya bar gadin da yake yi, benefit, kuɗin tallafin gwamnati, ya makara, haya ta taru, har aka fara zancen kotu. Kawu ya daina cin abinci. Na tausaya masa ƙwarai, na ɗauka tsoron kora ne.

"Ba korar ce ta dame ni ba," in ji shi. "Ranar jana'izata liman zai tambaya, wa ke bin mamaci bashi? Sai council ta ɗaga hannu a gaban jama'a?"

Na ce ya buga musu waya a tsara biya kaɗan-kaɗan. Ya harare ni. "Ana ba da haƙuri ta waya? Wa ya rene ka?"

Wallahi sai ga Kawu a ofis da liman da Alhaji Issaka, abokinsa ɗan Gana daga Deptford, ga ƙullin goro, an zo roƙon arziki. Liman ya buɗe da addu'a, ya bayyana halin Kawu tun daga kakansa, ni ina fassara ina neman inda zan ɓuya. Denise ta jira har muka shafa, sannan ta ce ai ba matsala, ya riƙa ɗora ɗan wani abu a kan hayar kowane mako, maganar kotu ta tsaya. Ta ƙara da cewa ta waya ma ana yi. Wannan kam ban fassara ba.

Alhaji Issaka ya ce da Hausarsa ta Gana, "Yarinya nan, shi yana da kirki!"

Kawu ya kalle ni. "Ka gani? Da ba don dattawa ba!"

Daga nan sai tsimi. Ya kashe heating mai ɗumama gida, ya riƙa kwana da kwat, ganyen shayi ɗaya sai ya wanke shi tas kafin ya yar. In ka yi ƙorafin sanyi ya ce, "Mai bashi ba ya jin ɗumi." Kafin azumin bara ya biya kaf, bayan Sallah ya kwanta, bai tashi ba.

Ku da kuka je jana'izar kun ji liman ya yi tambayar. Masallaci ya yi tsit. Alhaji Issaka ya waiga baya, ya raɗa mini, "Council bai ɗaga hannu ba." Dariya ta taso mini, sai na ji hawaye ne ke zuba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa. Yadda ya tafi ba wanda ke binsa, Allah ya ba shi gidan da ba haya, ba kora. Amin.