Zinaren Gonar Norris Gotts

Norris Gotts manomin sha'ir ne a wani ƙauyen Norfolk, kuma tun yana saurayi ba ya yarda da kowa. Ko gaishe shi ka yi da fara'a, sai ya tsaya nazarin abin da kake nema a wurinsa.

Shekara uku Clive Pegg, wani tsohon ma'aikacin gidan waya, yana roƙon ya bar shi ya zaga gonar da na'urarsa ta gano ƙarfe. Sai da Maureen matar Norris ta sa baki sannan ya amince, bayan girbi. Duk da haka bai bar shi ya sake ba. Yakan ajiye tarakta a bakin gona, ya zauna a ciki ya zuba masa ido.

Wata Asabar da hantsi ya hango Clive ya durƙusa, ya daɗe bai tashi ba. Can ya ɗago hannu.

"Norris! Zo ka ga ikon Allah!"

Fasasshen tulu ne a cikin ramin, ga sulallan zinare na zamanin Romawa sun cakuɗe da laka.

Norris bai ko yi murmushi ba. "Me ka daɗe kana yi kafin ka kira ni?"

"Haba dattijo! Da sata ta kawo ni, zan kira ka?"

"Ai wayon ke nan. Zazzage aljihunka. Takalman ma cire."

Clive ya tsaya da safa a kan ƙasa mai sanyi, ya zazzage komai. Makulli ne da guntun biskit.

Suka kai rahoto ga hukuma kamar yadda doka ta ce, gidan tarihi ya karɓi zinaren, ya biya tukuici, aka raba musu biyu. Clive bai ƙara taka gonar ba. Ko a mashaya suka haɗu, sai ya ɗauki kofinsa ya sauya tebur.

"Mutum ɗaya ya yi maka gaskiya, ka tuɓe masa takalmi," in ji Maureen.

Da bazara ta matsa masa suka je gidan tarihin. Ya manna hanci a gilashi ya daɗe yana kallo, sannan ya yafito mai gadi.

"Ɗan'uwa, tsakaninka da Allah, waɗannan su ne na gonata, ko an musanya?"