Kunun da Bai Kai Bakin Indo Ba

Ko zan manta da duk ranakun da na yi a bakin aiki, ban da wata Laraba ta watan Yuni, 1987. Kun ce in ba ku labari tunda na ajiye aiki. To, ba na yabo zan ba ku ba, na ranar da na yi ɓarna da bakina ne, ku kuma ku ajiye wayoyin nan ku saurara.

Lokacin ina ƙaramar ma'aikaciyar lafiya, shekarata biyu da fitowa daga makarantar koyon aikin, aka tura ni wani asibitin sha-ka-tafi a ƙauye, kan hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa. Ɗaki biyu ne da baranda. Malam Garba shi ne incaji, wato mai riƙe da asibitin. Sama da mu akwai Sista Asabe, wadda ke zuwa daga Tudun Wada duk bayan wata uku ta duba aikinmu. Ni aka ba ɓangaren mata da yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

Kowace Laraba ranar awo ce. Mukan rataye sikeli a reshen darbejiya, a zura yaro cikin wani ɗan wando mai igiya, a maƙala shi yana wutsil-wutsil yana ihu, in karanta nauyinsa in ɗiga a kati. In ɗigon wannan wata ya hau sama da na wancan, alhamdu lillahi. In ya tsaya, a sa ido. In ya gangaro, akwai magana. Bayan awo sai girkin gwaji. In hura wuta a gaban mata in nuna musu yadda ake soya gero da gyaɗa da waken soya a niƙa tare a dama wa yaro kunu mai kauri, da abin da za a riƙa miƙa masa tsakanin abinci da abinci: dafaffen dankali, ƙosai, ɗan ƙwai, gwanda ko mangwaro in lokacinsa ne. Daga nan sai wasa. An koya mana cewa yaron da ya rame sai an zauna da shi an yi masa wasa kafin ya saki jiki ya ci. Don haka mukan haɗa 'yar tsana da karan dawa da tsumma, mu zuba tsakuwa a gwangwanin madara ya zama kacau-kacau, mu murza yumɓu mu gina 'yan shanu. Wallahi ina son aikin nan, kuma ina ji da kaina a kansa. Gani nake duk ƙasar ba wadda ta kai ni iya raino, alhali ko haihuwar fari ban yi ba.

Cikin watan Maris wasu mata biyu suka fara zuwa daga wata ruga a hayin rafi, tafiyar awa guda da ƙafa. Fulani ne da suka daɗe da zama, suna noma suna kiwo. Ɗaya Hansatu, siririya, marar yawan magana, da jaririnta a goye. Ɗayar facalarta ce, Dije, matar wan mijinta, ita ke riƙe da hannun wata yarinya 'yar shekara uku da rabi. Na tambayi sunan yarinyar, Hansatu ta sunkuyar da kai. Dije ce ta ce, "Indo. 'Yar Hansatu ce." Na rubuta sunan uwa a kati na wuce.

Indo ba ta daɗe da tashi daga baƙon dauro ba. Gashinta ya yi ja ya yi laushi, hannuwa kamar tsinke. Ba ta kuka a sikeli, kuma shirun nan ya fi kuka tayar mini da hankali. Shanunsu sun tafi kudu neman ciyawa, nonon da ya rage a gida kaɗan ne. Na zaunar da Hansatu na yi mata bayani dalla-dalla: kunu sau biyar a rana da ɗan man gyaɗa a ciki, ƙwai in an samu, a zauna da yarinya a lallaɓa ta ta ci. Duk abin da na faɗa sai ta ce, "To, Malama." Kuma ta fi kowa ɗaukar karatu. In na ce wa za ta maimaita yadda ake haɗa garin, ita ce ba ta kuskure. 'Yan shanun yumɓu kuwa, nata har da tozo da ƙaho, nawa in aka jera su kusa kamar ɓeraye. Amma in ta gama ginawa sai ta miƙa wa Dije, Dije ta miƙa wa yarinyar. Na lura da haka, na ce a raina wannan uwa halin ko-in-kula gare ta.

Afrilu ɗigo ya gangaro. Mayu ya ƙara gangarowa, ƙafafun Indo suka fara kumburi, in ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa. Na tambayi Hansatu ko tana dama kunun. Ta ce kullum. Na ce a raina ƙarya take.

Sai Larabar nan ta Yuni, Sista ta zo duba aiki. Tana bin katuna ɗaya bayan ɗaya har ta zo kan na Indo. Ta ɗaga shi, ta dube ni ta saman tabarau.

"Malama Rabi, wata uku yarinya tana gangarowa a hannunki. Me kike yi a nan, wasan 'yar tsana?"

A gaban mata cike da inuwar darbejiya ta faɗa. Kunya ta kama ni, kunyar ta juye ta zama fushi. Fushin kuwa bai sauka kan Sista ba, ina ni ina ita? Na juya kan Hansatu.

"Ke! Zo nan. Ba ke kika haife ta ba? Wata uku ina ɓata yawun bakina, ko hannunta ban taɓa ganin kin riƙe ba. Ko kaza tana tona wa 'ya'yanta. Ɗauke ta ki ɗora a cinya, ki kira sunanta, ki ba ta kunun nan yanzu muna gani."

Dije ta ce, "Malama, don Allah a yi haƙuri, 'yar fari ce..."

Na ce, "Ba da ke nake ba."

Hansatu ta taso, ta ɗauki yarinyar ta ɗora a cinya, ta kau da fuska gefe tana miƙa ludayi ba tare da ta duba inda bakin yake ba. Kunun ya zube a ƙirjin Indo. Wasu matan suka rufe baki da mayafi, wata tsohuwa ta ce "Subhanallahi" ta miƙe ta bar wurin. Sunan dai bai fito daga bakin Hansatu ba. Sista ta rubuta a littafinta cewa an yi wa uwa gargaɗi, ta shiga mota ta tafi.

Bayan an watse Malam Garba ya kira ni baranda. "Rabi, ke ba 'yar Kiru ba ce? A gidanku uwa tana kiran sunan ɗan fari?"

Na ce wannan ai jahilci ne, kuma shi aka turo mu kawarwa. Ya girgiza kai ya ce Allah ya kyauta.

Ga abin da har yau yake ci mini rai. Ni kaina 'yar fari ce. Ranar da aka yaye ni aka kai ni ɗakin kakata, can na girma, a kwanonta na ci. Mahaifiyata har ta rasu ba ta taɓa kiran sunana ba, "yarinyar nan" take cewa. Na san alkunyar ɗan fari tun kafin in iya karatu, kuma na san ta Fulani ta fi tamu tsanani. Shekara biyu na makaranta da fararen kaya suka shafe mini abin da na tashi a cikinsa. Kati ya ce sunan uwa, ni kuma na bi kati ido rufe.

Laraba ta zagayo, ba su zo ba. Ta biyu ma haka. Ƙa'idarmu ita ce in yaro mai kumburi ya fasa zuwa sau ɗaya, a bi shi gida a makon. Na ce rafi ya kawo ruwa, kuma gaskiya ne ya kawo, amma masu tallar nono suna tsallakowa kullum. Nauyin haɗa ido da Hansatu ne ya hana ni. Sai a mako na uku na tattare zane na tsallaka.

Tun daga nesa na hango tabarmi a ƙofar bukka, mata zazzaune. Na ƙarasa na yi sallama. Kwana biyu ke nan da binne Indo.

Aka kai ni wurin kakarta, uwar mijin Hansatu, wadda suke kira Inna Wuro. Ita ce mai kuka, idanunta sun kumbura. Na yi mata gaisuwa. Ta ce tun yaye yarinyar take hannunta, a shimfiɗarta take kwana. Ta yi mata jiƙe-jiƙe, ta yi mata turare, ta hana ta maiƙo da ƙwai don kada kumburin ya ƙaru, sai farau-farau take ba ta, shi ma da kyar take haɗiya.

Na ce, "Inna, kunun fa? Na gyaɗa da waken soya?"

Ta ce, "Wanda Hansatu ke kawo mini? Allah ya yi mata albarka. Wata uku, kullum da safe sai ta ajiye mini ƙwarya a bakin ƙofa ta ce, 'Inna, ga kunu.' Har ƙarfi na ji a jikina." Sai ta ƙura mini ido. Can ta ce, "Na yarinyar ne?"

Na sunkuyar da kai. Tsohuwar ta ɗora hannu a ka. "Wayyo ni! Me ya sa ba a gaya mini ba? 'Yata, da ni kika kira, ko da rarrafe ne da na zo. Ashe abincin jikata nake shanyewa?"

Na sami Hansatu a bayan bukka tana daka gero don baƙi. Idonta a bushe, domin ko kukan ɗan fari ba a yi a gaban mutane. Ta jingine taɓarya ta durƙusa ta gaishe ni, ni da ya kamata in durƙusa mata.

"Malama, ban yi miki ƙarya ba, kullum ina damawa. Amma da wane baki zan ce wa Inna ga na yarinya? Kamar na ce ba ta iya riƙo ba ke nan. Dije ma suruka ce, ba za ta iya ba. Na ɗauka in na kai za ta sam mata."

Ta ce abin da ya faru a asibiti kuwa labarinsa ya riga su isa gida. Ana ta cewa ta rungumi 'yar fari a bainar jama'a, ko rafi ba ta iya fita ɗibar ruwa, balle ta dawo wurinmu.

Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ba komai, Malama, kwananta ne ya ƙare." Ta ɗauki taɓarya ta ci gaba da daka. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Na san rai na Allah ne, ba sai kun tuna mini ba. Amma wata uku cur, tafiyar awa guda ce kawai tsakanina da tsohuwar nan, kuma ban taɓa tambayar wa ke ba yarinyar abinci ba.

Na rubuta rahoto na kai Tudun Wada, na roƙi a ƙara layi ɗaya a kati, inda za a rubuta mai riƙon yaro. Sista ta karanta ta ce kati daga sama yake zuwa, ba mu ke bugawa ba, ta sa rahoton a fayil. Har na bar ɓangaren ban ga layin ba. Matan rugar nan kuwa ba su sake kawo mana yaro awo ba har aka ɗauke ni daga wurin, kuma ban san me ya sami sauran yaransu ba.

Abin da aikin ya koya mini ke nan. Mutanenmu ba sa ce wa mai fararen kaya a'a. "To" za su ce miki ko da abin ya fi ƙarfinsu, su tafi da nauyin a ƙirji. In mace ta ce "to" kanta a sunkuye, kada ki ɗauka magana ta ƙare. Ki tambayi a ɗakin wa yaro ke kwana, a kwanon wa yake ci, ki tashi ki je wurin mai kwanon, ki durƙusa ki gaishe ta kafin ki buɗe baki. In an ci miki fuska daga sama kuma, ki haɗiye abinki, kada ki sauke kan wadda ba za ta iya mayar miki ba.

Ni na koya, na ci gaba da aikina har na tsufa na ga jikoki. Indo kuwa ko shekara huɗu ba ta cika ba.