Kalmar da Aka Sa Kafin Sunan Malam Sale

Jiya na ga an rubuta "the late" kafin sunan wata ƙawata, sai na tuna Garwa ta Kamaru a zamanin Shugaba Ahidjo.

A lokacin ina cikin takabar mijina, Malam Sale mai fataucin goro. Abokan cinikinsa na Yola ba su ji rasuwar ba, kuma ba sa karanta Faransanci. Aka kira mai rubuta wasiƙar Turanci, ya zauna a zaure, ni ina bayan asabari.

Da ya karanta mini, na ce, "Malam, mene ne wannan kafin sunansa?"

"Marigayi ke nan, baiwar Allah. Wanda ya rasu kaɗai ake sa wa."

"Cire. Rubuta Malam Sale kawai, yadda ake kiransa."

Ya ce, "In na cire, wanda ya ga sunan zai ci gaba da shimfiɗa masa tabarma ranar kasuwa."

Na ce ya bar kalmar a wurinta. Bayan ya tafi, na zauna ni kaɗai ina gwada faɗin "marigayi", ta ƙi fita.

Ku da kuka rasa naku, yaushe bakinku ya iya faɗa?